Kitson Bayan Kunne

SHAFI NA 9

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da jinkirin shafin nan, na rubuta na goge har na rasa wanne ne mai kyau. Baiwar Allahn da ta ce Malama ta cika zargi, na ji, kuma ban yi fushi ba, amma don Allah ki karanta wannan tukuna. Labarina na farko ne, inda na yi tuntuɓe a ɗaga ni a hankali.

*

Ni ce ta ƙarshen zuwa a wannan Asabar ɗin, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ba hanya ce ta tsare ni ba. A ƙasan matattakala na tsaya da ledar lemo a hannu, ina kallon mai faci yana tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda take yoyo, har sanyin lemon ya fita.

Daga nan nake jiyo muryar Rediyo. Ɗakinta yana saman shagon babanta, kuma ko injin mai facin bai isa ya danne ta ba. Ƙananan yaran da take koyarwa ne suka saba mata, ko raɗa za ta yi sai unguwa ta shaida.

"Ku zo ku ga abin mamaki," ta ce da na tura ƙofa. "Malama ta makara. Yau ta ina rana ta fito?"

"Mai makara ke sayen lemo," in ji Bahaguwa ba tare da ta ɗago ba. Tana bakin gado tana kwance agogonta.

"Ga shi."

Rediyo ta taɓa kwalba da bayan hannu.

"Wannan lemo ne ko shayi?"

Auta ta yi dariya daga kan tabarma.

"Ku ƙyale min Malamata. Zo, na tokare miki kujerarki."

Kujerata ƙarama ce, ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, da tsohon ƙamus ɗina muke tokare ta. Na zauna. Ban iya kallon fuskar Auta ba, sai ɗankwalinta.

Mu huɗun nan tun makarantar kwana muke yi wa juna kitso ranar Asabar, kuma muna da dokoki. Waya cikin tukunya take zama har a gama. Kai ba ya canza hannu: ni da Auta muke yi wa juna, Bahaguwa da Rediyo su ma haka. Sai dokar kibiya. Kibiyar kitso ɗaya gare mu, ta ƙarfe, tun ta makaranta, ita muke miƙa wa juna don tsaga da tsifa. In mutum ta ɗaga ta sama ta ce "kibiya na hannuna", ba mai katse ta, kuma abin da ta faɗa ya zauna, ba janyewa. Saboda Rediyo muka kafa wannan dokar, don sauran mu ma mu riƙa samun wurin sa baki.

Rediyo ta zagayo da tsohuwar tukunyarta mara hannu.

"Waya, waya, waya. Kowa ya kawo sadaka."

Na jefa tawa. Bahaguwa ta jefa tata. Auta ta tsaya tana duba tata, ta kashe ta kunna, ta sake dubawa.

"Auta, tukunya na jira."

Ta kalli Bahaguwa. Bahaguwa ta ɗan gyaɗa kai, kaɗan ƙwarai, wanda in ba kana nema ba ba za ka gani ba. Sannan Auta ta saka wayar.

Ni kuwa nema nake yi.

Tun Lahadin da na kai wa Auta ɗankunnenta da ta manta a jakata nake nema. Ummanta ce ta buɗe min ƙofa da kumfar wanki a hannu, ta ce, "Ai yau Lahadi, 'yar nan. Tana gidan bahaguwar ƙawarku kamar kullum. Tun da safe ta ɗauki man kitsonta ta fita."

Kamar kullum.

Kalmomin nan biyu suka bi ni har shagon littattafan da nake aiki. Na jera littattafan girki a cikin na lissafi. Mai shago har tambayata ya yi ko zazzaɓi nake.

Kishin ƙawa mugun abu ne, don babu inda za ka kai ƙara. Me za ka ce an ƙwace maka?

Auta ta ja jiki ta shigo tsakanin gwiwoyina, ta jingina bayanta kamar yadda ta saba. Ta ɓallo ƙwayar magani daga jakarta ta kora da lemon ɗumin nan.

"Yau ƙanana sosai nake so, Malamata. Waɗanda za su daɗe."

Su daɗe har gobe da safe, na faɗa a raina.

"To. Cire ɗankwalin."

Ta cire.

Kitson makon jiya yana nan lafiyayye, ya tafi baya a jere, tsagar nan miƙe kamar an ja da rula. Irin nawa ne sak. Na kai hannu na kama kunnenta na hagu. Na lanƙwasa kunnen.

Yana nan.

Ɗan siririn kitso kamar tsinken tsintsiya, kwance a bayan kunnen.

Tun ranar da na fara yi wa Auta kitso nake ƙara wannan a ƙarshe. Ba ya cikin jeri, ba mai ganinsa sai an nema. Yadda marubuci ke sa hannu a ƙarshen aikinsa, haka nake sa shi. Ban taɓa fashi ba, sai Asabar ɗin da ta wuce. Ranar da gangan na bar shi. Har na shafa wurin da babban yatsana kafin ta ɗaura ɗankwali, na tabbatar babu komai.

"Malamata, kin yi shiru. Kin ga ƙwarƙwata ne?"

"Wa ya yi miki kitson nan?"

Na ji bayanta ya ƙage a jikin gwiwata.

"Wace irin tambaya ce wannan? Ke mana."

"Ni?"

"To wa?" in ji Rediyo, tana kwance ɗankwalinta a gaban Bahaguwa. "Aljani?"

"Bahaguwa, miƙo min kibiya."

"Ban gama da ita ba."

"Miƙo min."

Ta dube ni sosai, sannan ta miƙo da wannan hannun nata na hagu. Na ɗaga kibiyar. Muryata ta fito siririya, ba yadda na yi ta gwadawa a gaban madubi ba.

"Kibiya na hannuna."

Rediyo da Bahaguwa suka zuba min ido.

"Makon jiya ban yi na bayan kunne ba. Da gangan na bar shi. Yau ga shi nan."



"Wataƙila tsirowa ya yi," in ji Rediyo a hankali.

Ba wadda ta yi dariya, har ita.

Bahaguwa ta sauke numfashi ta ajiye mataji a kan gado. Ba ni ta kalla ba.

"Na sha faɗa miki, Auta, ki riƙa bari in ga kan kafin ki tsefe. Kullum sai ki zo min da shi a tsefe."

Da ta musa da na fi so. Wallahi da na fi so. Har na shirya abin da zan ce in ta musa. Amma wannan, yadda ta faɗe shi kamar ana maganar cefane, shi ya sa kunnuwana suka ɗau zafi.

"Tun yaushe?"

"Malamata..."

"Kar ki kira ni haka yanzu. Tun yaushe?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ina kallon ƙeyarta.

"Tun makaranta," in ji Bahaguwa.

Na ji kamar kujerar ta zame daga kan ƙamus.

"Tun makaranta nake ɓata yammacin Asabar ɗina a kanki, ki je gida ki tsefe?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ki tsefe, gari ya waye ki ɗauki mai ki kai mata kai. Ranar Litinin ki zo shago ki juya min ƙeya ki ce in ga yadda ya zauna. Ni kuma ina washe baki, ina yabon aikin wata."

"Malama, sauke murya, baba na ƙasa," in ji Rediyo.

Rediyo ce yau ke cewa a sauke murya. Na juya gare ta.

"Ke ma kin sani?"

"Ni? Ni fa ba ruwana. Ni shayi kawai nake dafa musu."

Ta rufe bakinta da hannu, amma ta riga ta fito.

"Kina zuwa ke nan."

"Wani lokaci."

"Wane lokaci?"

"Lokacin da... Lahadi ta faɗo."

Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. An yi walƙiya, na ga kowa.

"Ku uku."

"Ba taro ba ne, Malama," in ji Rediyo. "Ji mana. Kitso ne kawai."

"Wannan ma ai kitso ne kawai." Na nuna ɗakin da kibiyar. "Ke da ko mafarki kika yi sai mai faci ya ji fassararsa, kin iya riƙe wannan shekara da shekaru?"

"Ya kusa kashe ni," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Kin san sau nawa na cusa burodi a baki don kar ya fito?"

Na sunkuya wajen kunnen Auta.

"Me ya sa? In nata ya fi kyau ki faɗa. Ba zan mutu ba."

"Naki ya fi kyau."

"Ƙarya."

"Wallahi naki ya fi kyau. Shi ya sa ma irinsa take yi min."

"To me ya sa?"

Ta kama wasa da bakin tabarma.

"Auta, da ke nake."

"Hannunki yana da zafi," in ji Bahaguwa.

"Ba ke na tambaya ba."

"Ita ba za ta faɗa ba ko za ki kwana kina tambaya. Hannunki yana da zafi, Malama. Ba ɗan zafi ba. Ja kike yi kamar kina tsoron gashin zai gudu."

"Ba ta taɓa cewa wayyo ba."

"Ba ta taɓa ba."

Bahaguwa ta sauko daga gado ta durƙusa a gefen Auta. A ɗakin gwajin jini take aiki, ana cewa ko jariri ta soka wa allura ba ya farkawa. Ta sa yatsa biyu ta ɗage gashin da ke gefen goshin Auta, wanda take kwantarwa da mai.

Auta ba ta ko motsa ba. Ta ma ɗan karkatar mata da kan tun kafin hannun ya iso, irin na wanda ya saba. Wannan karkatarwar ta fi komai ci min rai.

"Duba nan."

Wurin fayau yake, faɗin babban yatsa. Ɗaya gefen ma haka.

"Ta ce min gadon gidansu ne."

"Kin ga Ummanta da sanƙo?"

"In kin gama mata," in ji Rediyo tana jan hanci, "girarta har tsakiyar kai take komawa. Da ido buɗe take kwana kamar kifi. Akwai ranar da ta yi atishawa a hanya ta fashe da kuka."

"Rediyo," in ji Bahaguwa.

"Gaskiya ce ai."

Na kalli takardar maganin da ke kan tabarma kusa da kwalbar lemo. Duk Asabar sai ta sha kafin ta zauna. Na taɓa tambayarta, ta ce hasken kwamfutar wurin aiki ne ke sa mata ciwon kai.

Ranar Asabar ba ta zuwa aiki.

Ni da nake gano mai laifi tun tsakiyar littafi.

"Da kin faɗa min ai sai in sassauta."

"Na faɗa," in ji Auta, muryarta can ƙasa. "Sau ɗaya, muna aji uku. Na ce ki ɗan sassauta. Kika ce to. Kika sassauta guda biyu, na uku hannunki ya koma. Da kika gama kika tafi bayan ɗakin karatu kika ƙi cin abincin dare."

Ban manta ba. Na dai ɗauka ba wanda ya lura.

Ta juyo ta fuskance ni a karon farko, tana durƙushe.

"Kin tuna yadda kika koya? Da zaren labulen ɗakin karatu. Ba mai yi miki magana a makarantar nan, ke ma ba kya yi wa kowa. Na rasa mai min kitso kika ce ke kin iya. Da kika gama kika ja baya kina kallo, kika ce, ashe ni ma ina da amfani. Ki faɗa min ta ina zan fara ce miki ya yi zafi?"

"Sai kika ji tausayina."

"Ba tausayi ba ne."

"Shekara da shekaru kina ba ni aron kanki in yi wasa, kamar yarinya da 'yar tsana."

"Ba haka ba ne, Malamata."

Sai wani abu ya faɗo min, ya wuce maganar gashi ya bar ta a baya.

Ni da Auta ba ma hira in ina yi mata kitso. Su Rediyo suna can suna zuba, mu muna shiru. Da wannan shirun nake alfahari. Na sha faɗa a raina cewa namu ƙawancen ya wuce na surutu, mu ba sai mun yi magana ba muke jin juna.

"Shirun da kike yi in ina miki kitso."

Ta kawar da ido.

"Auta."

"Haƙorana nake cijewa."



"Ranar Lahadi fa? Shiru kike yi?"

"Wa, Auta?" in ji Rediyo. "Ai ranar Lahadi ni ce mai sauraro. In ta fara zuba har sai Hagu ta ce ta tsayar da kai wuri ɗaya."

Bahaguwa ta rufe ido.

"Rediyo, don girman Allah ki sha lemonki."

Hagu. Har da gajeren suna. Ni ban san yaushe aka yanka wannan ragon ba.

Abubuwa suka riƙa dawo min a jere. Lokacin da Auta ta yi faɗa da yayarta har suka daina gaisawa, ranar da ta gaya min Bahaguwa ba ta yi mamaki ba. Lokacin da shugabanta na wurin aiki ya sa ta kuka, a bakin Rediyo na ji. Kullum ni ce ta ƙarshen ji, kuma kullum ina ba kaina haƙuri cewa don ba ta son tayar min da hankali ne.

A ƙarƙashin hannun mai kitso ake kwance zuciya, kowa ya san wannan. Ni Asabar aka bar min, kan da babu baki. Bakin na Lahadi ne.

"Kin ji daɗi," na ce wa Bahaguwa. "Kin samu kai biyu."

Ta buɗe ido.

"Me kika ce?"

"Ga na Rediyo, ga na Auta. Ni kuma an bar ni da zaren labule."

Bahaguwa ba mai yawan magana ba ce. Ta miƙe tsaye a hankali tana goge man hannunta a zani.

"Daɗi kike ganin ina ji?"

"To me za ki ji?"

"Lahadi ce kaɗai ranar hutuna. Tun safe nake durƙushe a kan kitson da ba nawa ba. Ni ba haka nake tsaga ba, hannuna ta can yake son tafiya, dole in karya shi ya bi naki. Sau nawa na ce ta bari in yi mata irin nawa ko sau ɗaya? Sai ta ce a'a, Malamata za ta gane."

"Sai ki ƙi yi."

"Mu fita titi mata su tsayar da ita, wa ya yi miki wannan kitso? Ina tsaye a gefenta, yatsuna ko hucewa ba su yi ba, ta ce Malamata ce. Har shagonku take kwatanta musu."

Auta ta fara kuka mara sauti.

"Wannan ɗan na bayan kunnen," in ji Bahaguwa, "kin san yadda nake tsanarsa? Ni zan yi aiki tun daga goshi har ƙeya, in na gama in sa miki hannu a kai. Har ya zame min jiki, ko barci nake zan yi shi. Shi ya sa yau kika kama mu. Kuma hirar da kike kishi a kai, kin san rabinta mece ce? Malamata ta ce, Malamata ta karanta, ko me Malamata za ta so ranar haihuwarta. Ni ce mai tsefe ciwon, ke ce mai sunan."

Muka tsaya muna kallon juna, Auta a tsakaninmu a ƙasa.

Da ni mutuniyar kirki ce irin ta cikin littafi, a nan zan rungume ta. Amma abin da ya tsaya min a wuya shi ne ɗaya rabin hirar. Rabi nawa ne, to ɗaya rabin fa?

"To ai sai a raba gardama," in ji Rediyo da sauri, tana murza hannu. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, an gani an wuce wurin. Malama ta riƙa tsaga, tunda tsagarta ba ta da na biyu, Hagu ta riƙa kitsawa. Shi ke nan, kowa ya samu. Ni kuma in sake sayo lemo mai sanyi da kuɗina. Kun ji ni da kyauta, ku yi maza kafin in farfaɗo."

"In riƙa tsaga," na ce. "In zama 'yar riƙe mata mataji."

"Ba haka nake nufi ba."

Kibiyar tana hannuna har yanzu, ta yi ɗumi. Na ga idon Auta ya sauka a kanta. Ta san ni. Ta san me zan yi tun kafin ni in sani.

"Malamata, kar ki ɗaga. Don Allah ki saurare ni tukuna, akwai maganar da..."

Na ɗaga.

"Kibiya na hannuna."

Ta yi shiru dole. Doka ce.

"Mun ce kai ba ya canza hannu. Tunda ya canza, ya canza. Hannuna ba zai sake taɓa kanki ba, Auta. Na sauke miki wahala."

Na kamo hannun Bahaguwa na hagu na danƙa mata kibiyar.

"Ga shi nan. Asabar ma taki ce. Ki yi mata irin naki."

Na ɗauka zan ji sanyi. Ban ji ba.

Rediyo ta zauna daɓas a kan gado. Tunda na san ta ban taɓa ganin bakinta a buɗe babu magana a ciki ba sai yau.

Bahaguwa tana kallon kibiyar kamar na ɗora mata garwashi.

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Na sunkuya na zare ƙamus ɗina daga ƙarƙashin kujera. Kujerar ta karkace. Na rungume shi a ƙirji na nufi tukunya in ɗauki wayata.

"Ba ni," na ji Auta ta ce a bayana.

Na juya. Ta karɓi kibiyar daga hannun Bahaguwa. Ta miƙe tsaye, kanta babu ɗankwali, fuskarta jiƙe, ta ɗaga ta sama da hannu biyu kamar mai nauyi.

"Kibiya na hannuna."

Na tsaya.

"Gobe ba zan je gidan Hagu ba. Tun farkon mako na faɗa mata. Na yau ba tsefe shi zan yi ba, ko zai tsaga min kai. Shi ya sa na ce ki yi ƙanana. Naki nake so, na hannunki na gaske, da ɗan bayan kunnensa." Ta haɗiye kuka. "Da shi nake so in tafi."

Ƙamus ɗin ya yi min nauyi.

"Ki tafi ina?"

Ba ni ta kalla ba.

Wajen Bahaguwa ta kalla.

A cikin tukunya wayar Auta ta fara ƙara, ƙarfen yana amsawa. Su ukun suka juya lokaci guda, Rediyo ta dafe ƙirji.

Dukkansu sun san mai kiran. Ni kaɗai ce ban sani ba.